Darasi na 9: Jagoran da ke sa tsoka ta saki

Duk wanda ya taɓa fige kaza ya gyara ta ya san ƙundu, naman nan mai tauri da ke niƙa hatsi da taimakon tsakuwar da kazar ta haɗiye, tunda ba ta da haƙori. Masu binciken kimiyya sun daɗe suna neman ƙundu ruwa a jallo, domin kusan dukkansa tsoka ce irin wadda ba ta jiran umarnin mai ita, ga shi kuma ana samunsa da araha a mayankar kaji. Daga ƙundun kaza ne a shekarar 1992 masana a Jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotland, cikinsu har da Philip Cohen da wani matashin mai bincike Dario Alessi, suka tace wani inzayim mai sassa uku, wanda aikinsa shi ne sa tsoka ta saki bayan ta matse. Babban sashe daga cikin ukun ana kiransa MYPT1. A jikin ɗan Adam, ƙwayar gadon da ke ɗauke da bayanin yadda za a ƙera shi sunanta PPP1R12A, kuma tana kan kuromosom na 12.

Sunayen ba su da daɗin faɗa, kuma babu wanda zai tilasta wa ɗalibi haddace su. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa sakin tsoka ba hutu ba ne kawai da ke zuwa da kansa idan aiki ya ƙare. Aiki ne mai zaman kansa, yana da ma'aikatansa, kuma idan suka gaza jiki yana ji.

Tsokar da ba ta jin magana

Tsoka iri uku ce a jikin mutum. Akwai wadda ke manne da ƙashi, wadda ake ɗaga fartanya da ita, ake tafiya, ake tauna. Wannan tana bin abin da mutum ya yi niyya. Akwai tsokar zuciya. Sai ta uku, wadda masana ke kira tsoka mai santsi, saboda idan aka duba ta da madubin ƙara girma ba a ganin zane-zanen da ake gani a sauran biyun. Ita ce ke kewaye da hanyoyin jini, da hanji, da mafitsara, da mahaifa, da hanyoyin iska na huhu. Ita ce ke tura abinci daga maƙogwaro har ƙasa, ita ke riƙe fitsari, ita ke turo jariri ranar naƙuda, kuma bayan haihuwa ita ce ke matse mahaifa ta tsayar da jini. Shi ya sa ungozoma a asibiti ke yi wa mai jego allurar oksitosin da zarar jariri ya fito.

A hanyoyin jini, ɗan motsin wannan tsoka yana da babban sakamako. Wani likita ɗan Faransa, Jean Poiseuille, ya nuna tun a shekarun 1840 cewa idan faɗin siririn bututu ya ragu da rabi, ruwan da zai iya wucewa ta cikinsa ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin 16 zai koma, matuƙar ƙarfin turawar bai canja ba. To, jiki ba zai yarda ƙoda da ƙwaƙwalwa su rasa jini ba. Idan ƙananan hanyoyin jini suka tsuke suka ƙi saki, dole zuciya ta ƙara ƙarfin bugu, awon jini ya hau. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a faɗin duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Yadda take matsewa

A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsoka akwai furotin biyu masu siffar zare, aktin da mayosin. Mayosin yana da kawuna da ke kama aktin su ja shi, su saki, su sake kamawa a gaba, da haka tsokar ke gajarcewa. A tsokar ƙashi, da zarar sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar, wani furotin mai suna toroponin, wanda masanin Japan Setsuro Ebashi ya gano a shekarun 1960, yakan buɗe wa mayosin hanya nan take. Tsoka mai santsi ba ta da toroponin. Tata hanyar ta fi tsawo, ta kuma fi jinkiri.

Ga yadda abin yake. Kalsiyam ya shigo, sai ya haɗu da wani ƙaramin furotin, kalmodulin. Su biyun sai su tayar da wani inzayim mai suna MLCK, shi kuma ya ɗauki ɗan guntun sinadari da ake kira fosfet ya liƙa shi a wuyan mayosin, a wuri guda tak, kan amino asid na 19 na wata ƙaramar sarƙar furotin da ke naɗe a wuyan. Muddin fosfet ɗin na nan, mayosin zai ci gaba da ja. Ba zai daina ba sai an zo an cire.

Wannan dabara ta liƙa fosfet da cire shi ba tsoka kaɗai ke amfani da ita ba. Da ita ƙwayoyin halitta ke kunna furotin da kashe su a ko'ina cikin jiki. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka bankaɗo ta a tsakiyar shekarun 1950 a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a kanta a 1992, shekarar da aka tace inzayim ɗin nan daga ƙundu. Masu liƙa fosfet ana kiransu kainas, masu cirewa kuma fosfatas. An daɗe ana fifita masu liƙawa a fagen bincike, ana ɗaukar masu cirewa a matsayin 'yan share fage da ba su da wani zaɓi. Wannan kuskure ne, kuma MYPT1 na cikin abubuwan da suka tona shi.

Mai ƙarfi da jagoransa

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin. Fiye da 500 daga cikinsu na masu liƙa fosfet ne, kusan kowanne da wurin aikinsa. Amma babban mai cirewa, wanda ake kira PP1, ƙwayoyin gado uku ne kacal ke samar da shi, alhali wuraren da ake bukatarsa ɗaruruwa ne: a hanta wajen ajiye sukari, a ƙwaƙwalwa, a lokacin da ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu. Ta yaya inzayim ɗaya zai san inda ake nemansa a wannan lokacin?

Shi kaɗai bai sani ba. PP1 tamkar makaho ne mai ƙarfi wanda ya iya sana'arsa sarai, sai dai ba zai kai kansa wurin aiki ba sai da ɗan jagora. Jiki ya tanadar masa 'yan jagora kusan 200, kowanne da inda yake kai shi. MYPT1 shi ne wanda ke kai shi wuyan mayosin. Sunan ƙwayar gadon ma abin da yake nufi ke nan: sashe mai sarrafa PP1, lamba 12A.

MYPT1 dogon furotin ne, amino asid wajen 1,030 a jere. Farkonsa yana rungumar PP1, wasu sassansa kuma suna kama mayosin. A shekarar 2004 masana a Amurka suka wallafa hoton siffar furotin biyun a haɗe, sai aka ga cewa aikin jagoran ya wuce rakiya. Rungumar da yake yi tana sake fasalin wurin da PP1 ke aiki da shi, ta yadda zai dace da mayosin, ya kuma rage kula wasu furotin. Sashe na uku na inzayim ɗin da aka tace daga ƙundu, bayan MYPT1 da PP1, ƙarami ne, yana manne a ƙarshen MYPT1. Akwai kuma ɗan'uwansa na kusa, MYPT2, da ke fitowa daga wata ƙwayar gado a kan kuromosom na 1, wanda ya fi yawa a zuciya da tsokar ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Saboda haka ƙarfin matsewar hanyar jini a kowane lokaci ya dogara ne da wanda ya rinjayi wani tsakanin mai liƙawa da mai cirewa. Kalsiyam ne ke tafiyar da mai liƙawa. Mai cirewa kuwa, saƙonnin da ke zuwa masa ta kan MYPT1 suke bi.

Masu taka masa birki

Tun a ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka lura da wani abu mai ɗaure kai: akan sami tsoka mai santsi ta ƙara matsewa alhali kalsiyam ɗin da ke cikinta bai ƙaru ba. Bayanin ya fito daga Japan a 1996, lokacin da Kozo Kaibuchi da abokan aikinsa suka nuna cewa wani inzayim mai suna Rho-kainas yana liƙa fosfet a jikin MYPT1 kansa. Wurare biyu aka fi sani a jikin na ɗan Adam, amino asid na 696 da na 853. Idan aka liƙa masa, aikin cirewa sai ya yi sanyi, fosfet ya taru a kan mayosin, tsoka ta ci gaba da riƙo. Sinadaran jiki masu tsuke hanyar jini, irin su anjiyotensin da endotelin, suna bin hanyoyin biyu a lokaci guda: su ƙara kalsiyam, su kuma sa a danne mai cirewa.

Shekara guda bayan haka, a 1997, wasu masana na Japan tare da Shuh Narumiya na Jami'ar Kyoto suka ba ɓeraye masu hawan jini wani sinadari mai hana Rho-kainas aiki, mai lamba Y-27632, jininsu kuma ya sauka sosai.

Wani maganin mai irin wannan aiki, fasudil, an amince da shi a Japan tun 1995 don masu zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan marasa lafiya sukan tsallake ranar farko, sannan bayan 'yan kwanaki hanyoyin jinin ƙwaƙwalwar su tsuke su ƙi saki, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. A fannin ido ma an ci moriyar wannan ilimi. Hawan jinin ido, wato gilakoma, yakan taso ne idan ruwan cikin ido ya kasa fita yadda ya kamata, kuma ƙwayoyin halittar da ke bakin mafitar ruwan suna matsewa da saki da irin wannan tsari na mayosin. Japan ta amince da maganin ɗigawa mai suna ripasudil a 2014, Amurka kuma ta amince da netarsudil a ƙarshen 2017. Dukkansu Rho-kainas suke hanawa.

Iskar da ke zuga shi

Labarin ɗaya ɓangaren ya fi wannan daɗewa. A 1879 wani likita a Landan, William Murrell, ya wallafa cewa ɗan ɗigon naitirogilisarin yana kwantar da ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. Wannan sinadari shi ne wanda Alfred Nobel ya yi arziki da shi wajen ƙera nakiya, kuma a ƙarshen rayuwarsa likitoci suka rubuta masa shi a matsayin magani. An yi kusan shekara ɗari ana ba da maganin ba tare da an san yadda yake aiki ba, sai a 1977 Ferid Murad ya nuna cewa irin waɗannan magunguna suna aiki ne ta hanyar wata iska mai suna naitirik oksaid.

A 1980 Robert Furchgott, a birnin New York, ya ba da rahoton wani gwaji da ya yi da babbar hanyar jinin zomo. Idan siririn rufin da ke shimfiɗe a cikin hanyar yana nan lafiya, sinadarin asetilkolin yakan sa ta saki. Idan aka goge rufin, ko da bisa kuskure wajen shirya naman, ba ta saki. Ashe rufin ne ke aika wa tsokar saƙo. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar cewa saƙon shi ne dai naitirik oksaid ɗin nan. Furchgott da Murad da Louis Ignarro suka raba lambar Nobel a 1998, lambar da aka kafa da dukiyar naitirogilisarin.

Idan iskar ta ratsa cikin tsoka, takan sa a samar da wani ɗan aike mai suna cGMP, shi kuma ya tayar da inzayim PKG. Wannan yana rage kalsiyam, amma bai tsaya nan ba. A 1999 Michael Mendelsohn da Howard Surks a birnin Boston suka nuna cewa PKG yana kama wutsiyar MYPT1 kai tsaye, kuma sai da wannan kamun yake iya zuga mai cirewa. Fosfet ya bar mayosin da sauri, hanyar jini ta buɗe.

A nan ne ƙwayar gadon MYPT1 ta nuna wata gwaninta. Kusa da ƙarshenta akwai wani ɗan yanki mai haruffan DNA 31 kacal. Ƙwayar halitta tana iya haɗawa da shi wajen kwafar umarnin, tana kuma iya tsallake shi. Idan ta tsallake, MYPT1 zai fito da wutsiyar da PKG ke kamawa. Idan ta haɗa da shi, karatun ya goce, furotin ya fito babu wannan wutsiya. Manyan hanyoyin jini, waɗanda ke zama cikin riƙo dare da rana, sun fi yin mai wutsiya, shi ya sa suke saurin jin saƙon naitirik oksaid. Tsokokin da ke matsewa su saki bi da bi, irin ƙundun kaza da ta girma, sun fi yin marar wutsiya. Ƙwayar gado ɗaya ce, amma kowace gaɓa tana ƙera irin wanda ya dace da aikinta.

Wannan ɓangare na naitirik oksaid ya shafi gidaje da yawa a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar a kowace shekara. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna saurin fashewa, kuma himogulobin da ya zube daga cikinsu yana cinye naitirik oksaid kafin ta isa tsoka. Ƙwayar gadon MYPT1 ta mai sikila lafiyarta ƙalau, saƙon ne ba ya isowa da ƙarfi. Masana na ganin wannan na cikin dalilan da ke sa wasu manya masu sikila samun hawan jini a hanyoyin huhu.

Idan ita kanta ƙwayar ta lalace

Mayosin ba a tsoka kaɗai yake ba. Kusan kowace ƙwayar halitta tana da irin nata, da shi take canja siffa, take rarrafawa, take tsuke tsakiyarta ta rabu biyu. Ɗan tayi kuwa da irin wannan motsi ake gina shi. Da masana a Japan suka cire ƙwayar gadon MYPT1 gaba ɗaya daga ɓeraye, 'yan tayin sun mutu tun cikin kwanakin farko na ciki. Da wasu a birnin Nanjing na ƙasar Sin suka cire ta daga tsoka mai santsi kaɗai, ɓerayen sun rayu, amma da hawan jini, kamar yadda suka wallafa a 2014.

A mutane, rahoton da ya fito fili shi ne na farkon 2020, daga masana ƙarƙashin Maximilian Muenke a Amurka. Sun tattara bayanan mutum 12 waɗanda ɗaya daga cikin kwafi biyu na PPP1R12A ya lalace a jikinsu. Wasu an haife su da tawaya a ginin ƙwaƙwalwa, har da irin wadda ɓarin dama da na hagu ba su rabu sosai ba. Wasu kuma tawayar a mafitsara da al'aura take, ciki har da jariran da kuromosom ɗinsu na namiji ne amma al'aurarsu ba ta fito a siffar ta namiji ba. Wasu sun haɗa duka biyun. Canjin sabo ne a jikin yaran, ba a same shi a jinin iyayensu ba. Yana da kyau a jaddada wannan, domin a wurare da yawa idan aka haifi jariri da irin wannan lalura uwa ake fara zargi, ko a ce dangin wane ne suka kawo. Lalurar ba ta da yawa ko kaɗan, kuma masu hawan jinin da ke cika asibitoci ba ita ce ke damunsu ba. Nasu ya fi alaƙa da shekaru, da gishiri, da ƙiba, da ciwon ƙoda, da gadon da ya ratsa ƙwayoyi masu yawa.

Abin da ke cikin kwalin magani

Mai karatu da ke shan amlodipin ko nifedipin don hawan jini yanzu zai iya gane abin da ƙwayar ke yi: tana rage shigar kalsiyam, mai liƙa fosfet ya yi sanyi, mai cirewa ya samu galaba. Mai shan lisinopril ko losartan yana rage tasirin anjiyotensin ne. Mai ciwon ƙirji da ke sa naitirogilisarin a ƙarƙashin harshe yana ƙara wa jikinsa naitirik oksaid.

Sai sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra. Kamfanin Pfizer ya fara gwada shi ne a Ingila don ciwon ƙirji, kafin a lura da ɗaya aikin nasa, Amurka kuma ta amince da shi a 1998 don raunin mazakuta. Aikinsa shi ne hana rushe cGMP, ta yadda saƙon saki zai daɗe. Daga baya an amince da shi don hawan jinin huhu, amma da aka gwada shi a kan masu sikila a Amurka sai aka dakatar da gwajin a 2009, saboda masu shansa sun fi samun tashin ciwo mai tsanani. Sanin yadda magani ke aiki a takarda bai isa a ce ya dace da kowa ba.

Haɗari mafi girma shi ne haɗa sildenafil da naitirogilisarin ko 'yan'uwansa irin su isosobaid. Ɗaya yana ƙara cGMP, ɗaya yana hana a rage shi, sai hanyoyin jini su saki gaba ɗaya, awon jini ya faɗi warwas, mutum ya suma ko ya rasa ransa. An sha samun sildenafil a ɓoye cikin kayan ƙarfin maza da ake tallatawa a matsayin na gargajiya ko na ganye a ƙasashe daban-daban, ba tare da an rubuta a jikin kwalba ba. Duk mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko sikila, kada ya sha maganin ƙarfin maza, na kemis ne ko na 'yan talla, sai ya kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani kwalayen duk abin da yake sha sun duba.